Abin da Kyaftin Ta Haɗiye

Maman Kyaftin ta cusa yatsa a bakin yarinyar, ta zagaya ta bayan 'yan haƙoranta har ƙarƙashin harshe, ba ta taɓo komai ba sai yawu. Yarinyar ta yi yunƙurin amai, idanunta suka kawo ruwa, sannan ta haɗiye da ƙyar, irin haɗiyar da ake ganin wucewarta a maƙogwaro.

"Me kika ci? Kyaftin, buɗe baki! Tofar mana, tofar!"

Kyaftin ba ta cika shekara biyu ba. Ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa, ta fashe da kuka don tsawar da aka yi mata.

A ɗakin jirage ta same ta, ɗakin da ba a taɓa barinta ta shiga ba. Nan ubanta yake haɗa ƙananan jiragen sama na roba, ya yi musu fenti, ya gina musu fili da rumfa da 'yan mutane a kan faifan katako, har mutum ya rantse hoton gaske yake kallo daga nesa. Tun yarinyar ta fara rarrafe uwar ta kira kafinta ya sa wa ƙofar sakata can sama. Amma da safen nan Baban Kyaftin ya fito da hannu biyu riƙe da babban aikinsa, zai kai shi gasar da ƙungiyarsu take yi, sai ya janyo ƙofar da ƙafa kawai ya wuce. Ita kuwa tana bayan gida tana shanya.

Akwatin tarkacensa ya kife a ƙasa. Guntayen waya, 'yan tayoyi, ƙananan bututu, da wani ɗan gwangwani a buɗe, duk sun watse a kan leda. Ta kira wayarsa, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira, haka. Ba ta tsaya jira ba. Ta goya yarinyar, ta durƙusa ta tattara duk abin da ke ƙasa ta zuba a kofi, ta rufe gwangwanin ta jefa a jaka, ta ɗauki katin asibiti ta fita. Sai a cikin tasi ta lura takalman ƙafarta ba iri ɗaya ba ne.

A asibiti Kyaftin ta daina kuka, har tana jan igiyar katin da ke wuyan nas. Wannan lafiyar ta fi kukan tayar wa uwar hankali, don ta ga mutanen da ke kan benci suna kallonta kamar mai ɗaga murya a kan ba komai. Ta ce wa nas ɗin, "Na ga lokacin da ta haɗiye. Ba zato nake yi ba, da idona na gani." Aka yi wa yarinyar hoton ciki.

Likitar mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ta juyo da allon kwamfuta wajen Maman Kyaftin, ta nuna da bayan biro. A tsakiyar duhun cikin akwai wani ɗan farin abu, siriri, tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Ƙarfe ne, yana cikin tumbi. Me kuke da shi a gida mai kama da wannan?"

Maman Kyaftin ta juye kofin a kan takarda. Likitar ta yi ta ture tarkacen da biro, har ta zo kan gwangwanin. Da ta buɗe, sai ga wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu sheƙi, kowane kamar ƙwayar magani mafi ƙanƙanta, sun manne da juna sun yi sanda. Ta kai bakin biron kusa, sandar ta yi tsalle ta kama shi. Fuskar likitar ta sauya.

"Maganaɗisu ne. Na waye?"

"Na babanta ne. Jirage yake haɗawa."

"Maman yarinya, zauna ki saurare ni." Ta aje biron. "In guntun ƙarfe ne kawai, mai santsi, zai bi hanya ya fita da kansa. In maganaɗisu ɗaya ne, shi ma yawanci haka. Amma in sun kai biyu, suna iya rabuwa a hanji, sannan su jawo juna ta cikin fatar hanjin su matse ta har ta huje. A hoto kuma in sun manne, sanda ɗaya ake gani, kamar wannan. Ba zan iya rarrabewa ba."

"To a cire mana. Ko mene ne, a cire."

"Sai an yi mata allurar barci an zura bututu mai kyamara. Katinta ya nuna makon jiya aka sallame ku, ciwon ƙirji. Na saurara, har yanzu ƙirjin bai washe ba. In dole ce za mu yi, kuma yau za mu yi tun abin bai bar tumbi ba. Amma ba na son in kwantar da yarinya mai irin wannan numfashin a kan abin da zai fita da kansa." Ta juya murfin gwangwanin, inda aka manna 'yar takarda. "An rubuta ashirin. Ga shida a nan. Ina sauran?"

Maman Kyaftin ta san nauyin 'yarta, ta san maganin da ke sa ta ƙuraje, ta san wane haƙori ne ke shirin fitowa. Abin da ke cikin ɗakin jiragen kuwa ba ta taɓa tambaya ba, ita dai a rufe ƙofa.

"Likitan barci yana tiyata," in ji likitar. "Kafin ya fito, ki nemo min sauran. In na ga ashirin da idona, babu allura. In biyu suka ɓace, za mu shiga."

Wayar mijin har yanzu ba a ɗauka. Ta lalubo lambar Baba Mai Gilashi, dattijon da ya koya masa wannan aikin, mai shagon gyaran tabarau. Ya ɗauka cikin raɗa.

"'Yata, lafiya? Alƙalai na kan teburinsa yanzu haka, an ce kowa ya kashe waya. Kin san har fitila suka haska cikin injin? Wallahi yau..."

"Baba, ku ba shi wayar."

"Ki ɗan yi haƙuri su gama, kada a..."

"Baba, 'yarsa tana asibiti. Ku ba shi."

Ta ji ƙarar kujera, ta ji muryar mijinta. Ta faɗa masa a taƙaice, ba ta yi kuka ba, ba ta ambaci ƙofa ba. Ya ce sauran suna cikin aikin, da su yake manna sassan jirgin, a binne suke ƙarƙashin fenti. Ta ce, "To ka ɗauko shi ka zo. Gaba ɗayansa."

Ta koma ta zauna da Kyaftin a cinya. Yarinyar tana neman ruwa, an kuma hana a ba ta komai. "Mama, uwa," take cewa, tana nuna jakar, don ba ta iya faɗin ruwa ba tukuna. Uwar ta yi ta jijjiga ta, tana ɗora tafin hannu a kan cikinta kamar za ta ji abin ta cikin fata.

Suka shigo su biyu, Baban Kyaftin a gaba, rungume da faifan katakon, Baba Mai Gilashi a baya yana cewa mutane, "A ba da hanya, a yi hankali da gwiwar hannu." Duk wanda ke kan benci ya miƙa wuya. Wani mai karyayyen hannu ya ce, "Ikon Allah! Malam, wannan yana tashi?"

Nas ta kai su wani ɗan ɗaki mai tebur da gado ɗaya. Baban Kyaftin ya aje aikin, ya zo ya taɓa kan 'yarsa. Kyaftin ta miƙa masa hannu, uwar ba ta sake ta ba.

Maman Kyaftin ba ta taɓa tsayawa ta kalli abin da kyau ba sai yau. Rumfar gyaran jirage ce, rufinta a buɗe ta gefe ɗaya. A ciki ga jirgi mai farfela biyu, fentinsa ya koɗe a inda ake takawa, hayaƙi ya yi baƙi a bayan injin. A ƙasa akwai tabon baƙin mai da sawun taya ya bi ta kai. Akwai tsani, akwai bokiti, har da tsumma a rataye a bakin bokitin. Can gefe, kusa da ƙofar rumfar, wani ɗan mutum da bai kai ɗan yatsa ba ya jingina da tsintsiya mai dogon hannu, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Wannan ta san shi. Surukinta ne, wanda ya yi rayuwarsa yana share irin wannan rumfar, ya rasu kafin a haifi Kyaftin. Daga wani tsohon hoto guda ɗaya mijinta ya sassaƙa shi, ya yi ta sakewa har sai da kafaɗar ta fito daidai.

Fiye da shekara yana kan wannan aiki. Ta tuna abincin da ya sha hucewa a ƙofar ɗakin.

Baba Mai Gilashi ya zaro allura daga cikin hularsa, ya ɗaura mata zare. "Ba sai an fasa ba," ya ce. "A bi da allura a hankali, duk inda ta karkata, akwai ɗaya a wurin. Sai a ƙirga. Ko fenti ba za a taɓa ba."

"Likita ta ce da idonta," in ji Maman Kyaftin.

"'Yata, aikin shekara ne. Wannan fentin sau bakwai aka..."

"Ita kuma wata tara na yi, Baba, kuma ba ni da wata a akwati."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Baban Kyaftin ya ce, "Allura ba za ta yi ba, Baba. Akwai inda na ninka biyu don ɗaya bai riƙe ba, na kuma manta ko ina ne."

Yana faɗa yana tsaye, yana kallon jirgin, hannayensa a gefe. Maman Kyaftin ta ga tsayuwar ta yi tsawo. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta miƙa hannu ta damƙi fiffiken jirgin za ta karya.

Ya riƙe mata wuyan hannu. Bai taɓa riƙe ta da ƙarfi haka ba.

"Sake ni! Har yanzu abin nan kake tausayi?"

"Maman Kyaftin, dubi ɗakin nan. Gadon ƙarfe ne, ƙafar tebur ƙarfe ce, ga kwandon shara. In kika karya ɗaya ya yi tsalle, zai je ya manne a inda ba za mu gan shi ba har abada. Sai a yi mata allura a banza." Ya sassauta riƙon. "Ba ajiye shi nake so in yi ba. Tunani nake ta ina zan fara."

Ta sake fiffiken.

Nas ta kawo farantin ƙarfe, ya ce a'a, a ba shi farin ƙyalle da filasta. Ya shimfiɗa ƙyallen, ya ja filastar ya manna ta a gefen tebur, gefen gam yana sama. Ya cire agogonsa ya ba Baba Mai Gilashi. Daga aljihun riga ya fito da 'yar wuƙarsa ta aiki da hantsakin tagulla. Ya jera shidan farko a kan filastar, kowane nesa da ɗan'uwansa.

Sannan ya ɗaga murfin injin dama, ya kifa shi, ya sa wuƙa ya kankare fentin. Fentin ya taso kamar ɓawon albasa. Ya haƙa, ya zaro ɗan ƙarfen, ya manna. Ya tsaga jikin injin, wayoyin da ya yi ɗaya bayan ɗaya da gashin burushi suka tsinke suka zubo a kan ƙyallen. Baba Mai Gilashi ya juya ya fuskanci bango.

"Bakwai," in ji Maman Kyaftin. "Takwas."

Ita ke ƙirgawa, shi yana yanka. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba. Ya gama da injin dama ya koma na hagu. Ya ɓalle ƙofar jirgin, ya fasa cibiyar kowace farfela. Da ya tsaga gangar jikin, sai ga kujeru a jere a ciki, kowace da ɗamararta, har da wata 'yar jarida a naɗe a kan ɗaya, abin da ba wanda zai taɓa gani ta waɗannan tagogin. Nas ɗin da ta zo wucewa ta tsaya a bakin ƙofa, ta kama baki.

Kyaftin ta gaji da kuka ta kwantar da kai a wuyan uwarta. Numfashinta yana fita da ɗan ƙara, kamar ana jan zare a cikin ƙirjin.

"Sha takwas," in ji Maman Kyaftin.

Ya juya ɓaraguzan da hantsaki, ya bi da allurar Baba a kan kowane guntu. Allurar ba ta motsa ba. Jirgin ya ƙare, babu sauran inda za a yanka.

Likitar ta leƙo. "Likitan barci ya fito, yana wanke hannu. Nawa?"

"Sha takwas." Maman Kyaftin ta sake bin filastar da ido. "Saura biyu."

"Biyu," in ji likitar, a hankali. Ta dubi nas. "A shirya ta."

"Likita, ku ɗan dakata." Baban Kyaftin bai ɗago ba. Idonsa na kan ɗan mutumin mai tsintsiya. "Shi na fara yi, tun kafin jirgin. Na sa masa maganaɗisu a ƙafa don in riƙa ɗaga shi in na zo share ƙura. Daga baya ya riƙa faɗuwa, sai na manne shi da gam. Ban tuna ko na cire su ba."

Ya kai allurar kusa da takalman. Ta karkata, ta manne.

"Akwai!" in ji Baba Mai Gilashi. "Ga shi, akwai. Likita, kun gani ai. A bar masa wannan ɗin, don girman Allah. Mahaifinsa ne."

"Ɗaya ne ko biyu?" in ji likitar.

Ƙafafun sun yi kusa da juna, allurar ta tsaya a tsakani.

Maman Kyaftin ta dubi mijinta. Ba za ta ce a bari ba. Shi ma bai jira ta ce ba. Ya sa wuƙar a ƙarƙashin takalman ya ɓanɓare mutumin daga ƙasa. Tsintsiyar ta karye. Ya kwantar da shi a tafin hannunsa, ya dube shi kaɗan, sannan ya aje shi a kan ƙyallen ya yanke ƙafar dama daga gwiwa. Ya tsaga takalmin. Ɗan ƙarfen ya fito yana sheƙi.

"Sha tara," in ji Maman Kyaftin, da ƙyar.

Ƙafar hagu ta ƙi tsaguwa, gam ya cika ta. Wuƙar ta zame ta yanke shi a babban yatsa, jini ya ɗiga a kan ƙyallen, bai ko duba ba. Ya sake dannawa. Robar ta rabe biyu.

Likitar ta matso da kanta, ta sunkuya a kan filastar, ta bi su da bayan biro daga nesa, tana ƙirgawa a fili. Ta sake ƙirgawa daga ɗaya gefen.

"Ashirin," ta ce. Ta juya ga nas. "Ki ce wa likitan barci ya je ya huta."

Maman Kyaftin ta zauna a bakin gadon. Sai a lokacin hawaye suka zo, ba sauti, suna sauka a kan gashin yarinyar.

Likitar ta nuna wa uban hoton. Ya duba, ya tona cikin tarkacen kofin ya ɗauko wani guntun bututun tagulla, mai santsi, bakinsa a goge. Ya ce da irinsa yake yin ƙafar taya, yana yanka su da yawa ya tara. Likitar ta gwada tsawonsa da na hoton, ta gyaɗa kai.

"Za ku zauna a nan zuwa yamma mu ga yadda take. A ba ta ruwa, a ba ta abinci. Daga yanzu duk nafkin da ta ɓata, a buɗe a duba sosai har sai an ga abin nan ya fito. In ta yi amai, ko zazzaɓi, ko ta riƙe ciki tana kuka, ku dawo ko da wane lokaci ne." Ta dubi teburin, ta dubi yatsansa. "Nas, a ɗaure masa wannan."

Baba Mai Gilashi ya tattara ɓaraguzan cikin ƙyallen, ya ƙulle bakinsa kamar mai ɗaukar abin da zai iya jin zafi. A bakin ƙofa Maman Kyaftin ta tsayar da shi.

"Baba, akwai wuri a bayan shagonku?"

"Akwai, 'yata."

"To gobe za a kawo muku kayan ɗakin jiragen nan. Duka, har teburin." Ta juya ga mijinta. "Ban ce ka daina ba. Amma ba a gidan da take ba."

Ya buɗe baki kamar zai yi maganar sakata, ya dubi yarinyar da ke zuƙar ruwa da hannu biyu, ya ce, "To."

Aka mayar da su ɗakin yara, aka ba su gado kusa da taga. Kyaftin ta ci, ta yi barci, ta farka tana wasa da filastar da ke yatsan ubanta. Shi yana zaune a kan kujerar roba, hannayensa a kan gwiwa, kamar bai san inda zai aje su ba.

Can da rana ta yi sanyi, yarinyar ta tsaya cak a tsakiyar wasa, fuskarta ta yi ja, ta yi nishi. Matar da ke jinya a gadon kusa ta yi dariya. "To, ga saƙo ya iso."

Maman Kyaftin ta kwantar da ita, ta goge ta, ta sa mata sabo. Ta ɗauki wanda aka ɓata za ta nufi bayi, sai ta tsaya. Ta dubi mijinta, wanda tun da aka haifi yarinyar bai taɓa canza mata nafkin ba, wai warin yana tayar masa da zuciya. Ta miƙa masa.

"Kai ne mai ido."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya roƙi nas safar hannu da ɗan katakon duba harshe, ya je bakin taga inda haske ya fi, ya shimfiɗa nafkin ɗin a kan tsohuwar jarida. Ya sunkuya, ya fara daga gefe ɗaya yana bi a hankali, layi bayan layi, bai tsallake ko'ina ba. Ya daɗe. Matar gadon kusa ta toshe hanci da mayafi, shi bai ko kau da kai ba.

Ya ɗago. "Babu. Sai a na gaba."

"Na gaban ma kai ne," ta ce, tana ɗaura wa Kyaftin igiyar riga.